Badaru Ya Tafi Neman Shiru

Badaru ɗan Baure ne, amma a Daura ya yi wayo, a hannun wani mai gyaran rediyo. Da kasuwar rediyo ta ja baya sai ya koma gyaran sauti. Mai tallan maganin basir ya kawo masa muryarsa a cire tari, masu biki su kawo jawabin waliyyi a cire kukan yara. Shagonsa na manne da na Chukwudalu mai sayar da kayan babur, janareto ɗaya suke sha, wani tsoho mai ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta.

Kwamfutarsa ta tsufa har ba ta iya ɗaukar komai sai Linux. A nan ya gano cewa manhajojin wannan tsarin a buɗe suke, kowa na iya leƙa cikinsu, ya warware, ya sake ɗinki. Abin ya yi wa mai buɗe bayan rediyo daɗi. Sannu a hankali ya rubuta tasa, ya raɗa mata suna Tsit. Idan aka kunna ta, sai ta fara sauraren ɗaki ta makirufo, ta gane hayaniyar wurin, sannan ta tsame ta daga muryar mai magana. Ya ɗora ta a intanet kyauta, ya ci gaba da harkarsa.

Ana nan sai ga saƙo daga wata mata a wata ƙasa mai sanyi, wadda ke naɗar karatun littattafai don makafi. Ta ce da ta kunna Tsit sai manhajar ta mutu. Badaru ya kunna tasa, lafiya lau. Suka yi ta musayar saƙo, har matar ta ambaci cewa ɗakinta an liƙe shi da katifu, ko motsin ƙuda ba a ji. Nan ya fara zargin cewa shiru ne ke kashe manhajar. To amma shi ba ya gyara abin da bai ga mutuwarsa da idonsa ba.

Ya roƙi Chukwudalu ya kashe janareto.

"Malam Badaru, ka cire makirufo mana," in ji Chukwudalu.

"In na cire, manhajar za ta sani, sai ta bi wata hanya. Dole ta saurara ta ji babu komai."

Aka kashe janareto, sai ƙarar injin niƙa ta bayyana, wadda shekara da shekaru ba wanda ya san tana nan. Chukwudalu ya ɗauki abin da zafi. Ya bi layi shago shago yana roƙon mutane su yi shiru na ɗan lokaci bayan la'asar. Kowa ya amince. Da lokaci ya yi sai jama'a suka cika ƙofar shagon don kallon shirun, 'yan acaba suka faka suna tambayar ko an fara, mai rake ya kafa baro. Masu tsawatar wa mutane su yi shiru sun fi kowa ƙara. Tsit ta yi aikinta cikin ƙoshin lafiya.

Ya gwada gona a hanyar Mashi, zabi suka hana. Ya shige cikin tsohon firji a gidan wani maƙwabci, matar gidan ta dinga ƙwanƙwasawa tana tambayar ko yana numfashi.

Daga ƙarshe ya hau babur zuwa ƙauyensu, wajen kawunsa Dabo, ya ce a ara masa rumbu.

"Gero kake so?" kawun ya tambaya.

"A'a Kawu, ciki nake so in shiga."

Dabo ya dube shi, ya dubi kwamfutar, ya sa aka kawo tsani. Badaru ya shige cikin rumbun ƙasa, aka mayar da murfi. Da farko cikinsa ya yi ƙugi, Tsit ta kama wannan ta rayu da shi. Ya fito ya sha fura, ya koma. Ya riƙe numfashi, ya danna. Manhajar ta saurara, ta ji babu komai, ta mutu a gabansa. Ya zauna a kan ragowar gero yana murmushi shi kaɗai. Ashe ƙarfin hayaniyar take amfani da shi wajen raba lissafi, in babu hayaniya sai ta raba da sifili, lissafin ya rushe. Layi ɗaya ya ƙara a rubutun manhajar, ya fito jikinsa duk ƙaiƙayi. Matar ta rubuto ta yi godiya.

Tun daga nan, duk sabon gyaran da ya yi wa Tsit sai ya kai ta rumbu ya gwada. Dabo ya daina zuba hatsi a wannan rumbun, kuma da yake ya gaji da bayani, duk wanda ya tambaya sai ya ce yaron halwa yake shiga. Yanzu in Badaru ya leƙo da kansa yakan tarar da tsofaffi zaune a gindin tsani suna jiran addu'a. Ya sha gaya musu gwajin sauti yake yi. Sukan ce Allah ya karɓa, su miƙa hannu, shi kuma ya yi musu fatiha kafin ya sauko.