Babban Yatsa a Gefen Shafi

A ƙuryar ɗakin karatu na jami'a akwai wata dattijuwa mai ɗaukar hoton tsofaffin littattafai. Tabaraunta ɗaure yake da zare, kafaɗarta ɗaya ta karkace, da alama shekara da shekaru take danne takardu a ƙarƙashin kyamara. Yau ta jingine wayarta jikin kofin shayi, tana kallon taron masana ta intanet.

Wani farfesa yana ta zuba: "Kwamfuta ta karanta mana shafi dubu tara cikin awa guda!" Ya nuno shafi ɗaya. Ga babban yatsan dattijuwar nan a gefen shafin, har da tabon ƙunarsa.

"Wannan dattin fa?" in ji wata masaniya.

"Za mu goge shi."

Datti! Ita da ta buɗe shafukan nan ɗaya bayan ɗaya tana shaƙar ƙura, ko sunanta ba wanda ya tambaya.

Abokiyar aikinta ta leƙo. "Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Wai kwamfuta ce ta yi."

Ta ja tsaki, ta buɗe shafi na gaba, ta danne shi da yatsu biyar cur, sannan ta ɗauki hoton.