Ni da kada a tafkin wankan Kumandan

Jama'a, yau saura ƙiris ku yi mini zaman makoki!

Sabon kumandan ya sa ni wanke tafkin wankan da Nasara ya bari a bayan gida. Ruwan kore shar, duk gansakuka. Na sauka ta tsani da tsintsiya da ruwan jabel, maganin wanke datti, Hamani mai gadi ya ari tsanin ya tafi.

Sai ga idanu biyu a ruwa. Kada! Na kama bango, santsi ya mayar da ni. Na ƙwala ihu har muryata ta dushe.

Da ƙyar Hamani ya jawo ni da igiya.

Kumandan ya leƙo ya ce, "Idi, ka zuba jabel ɗin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai tafkin bai yarda ba!"