Gefena Na Akushi

Salamu alaikum jama'a. Kun ga na yi shiru wata huɗu. Yayana Illa ne Allah Ya yi wa rasuwa, sai yau na iya riƙe waya na rubuta abin da ban taɓa faɗa muku ba.

Ina da shekara takwas, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, hauya ta sare ni a ƙafa a gonarmu ta Birnin Lalle. Aka shafa toka, aka manta.

Bayan kwana goma na kai loma baki, bakin ya ƙi buɗuwa. Wuya ya sandare. Ko ƙofa aka buga sai jikina ya ɗau fizga.

A asibitin Dakoro suka ce tetanos ne, ciwon sandarewar jiki, sai an kai ni Maradi. Baba ya sayar da ragonsa, muka hau motar gyaɗa ni da Inna da Illa.

Aka sa ni ɗaki mai duhu. Allura safe da yamma. Aka zura mini tiyo ta hanci har ciki, ana ɗura madara da kunu da sirinji. Ciki ya cika, baki bai san an yi ba.

A gida akushi ɗaya muke ci ni da Illa, kowa da gefensa. Shi kuwa hannunsa bai san iyaka ba, kullum sai mun yi faɗa.

A asibiti na ji Inna tana ce masa, "Kak ka ci gabanai, ran yaro shina biyawa. Tahi waje ka ci."

Tausayi ne, na sani yanzu. Amma ƙamshin miyar kuka yana shigowa ta taga, ba wanda ya kira ni. A garinmu mamaci kaɗai ake cirewa daga akushi. Sai na ɗauka sun gama da ni. Na juya wa bango fuska, na daina kallon kowa.

Wani tsohon ma'aikacin jinya ya lura. Ya ce wa Inna, "Yaron ga ba yunwa gare shi ba. Da wa shike cin tuwo gida?"

Da azahar sai ga Illa da akushi. Ya ajiye tsakaninmu, ya yi bismilla, ya cinye gefensa, ya bar nawa tsaye. Ya ce, "Naka na. In ka daɗe, ni ba ruwana."

Haka ya yi kwana goma sha tara, ana ɗura mini kunu yana ci, har aka zare tiyo. Lomar farko da hannunsa na ci ta.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa wannan ma'aikacin jinya, bawan Allah da ban san sunansa ba.

Ku kai yara rigakafi, ciwon ƙarfe kuma kada a tsaya shafa toka. In ɗanku da tiyo yake ci, kada ku ɓuya. Ku zauna kusa da shi, ku bar masa gefensa.

Jiya jikata ta kawo mini tuwo. Na ci gefena, na tsaya. Ta ce, "Kaka, ka ƙoshi?"

Na ce mata e.