Abilio, Wanda Ya Dawo Mini da Telmo Gida

Ranar Talata ce, ina kasuwa ina gyaran kifi, sai na ɗaga kai na ga Abilio tsaye a gaban teburina, hula a hannu. Duk garin nan an san Talata ranar wanki ce a kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa, inda Abilio ke kula da kayan 'yan wasa, kuma ko gobara ba ta fito da Abilio daga ɗakin kaya ranar wanki. Da na gan shi sai na ajiye wuƙa.

"Deolinda, wanke hannunki mu je gida."

"Faɗa mini a nan."

"Telmo ne. Ya faɗi a filin atisaye da safe. Zuciya ce. Bai tashi ba."

Ɗana ke nan, shekara talatin da ɗaya, mai tsaron baya a wata ƙungiya a Romaniya. Yau shekara biyu.

A ƙarshen watan nan Abilio zai miƙa makullin ɗakin kaya bayan shekara arba'in da uku. Na ce bari in faɗi wannan tun yana ji da kunnensa.

Ƙarfe shida yake buɗe ɗakin nan da ke ƙarƙashin benen 'yan kallo. Ya zare jaridar da ya cusa cikin jiƙaƙƙun takalma jiya, ya cusa busasshiya, ya kankare laka da tsohon cokali, ya shafa kitse. Ba ya yarda a kai takalmi kusa da wuta, wai fata na tsagewa. Dokarsa ɗaya ce: abin da ya fita daga ɗakinsa sai ya dawo. In safa ɗaya ta ɓata, motar 'yan wasa ba ta tashi. Kwastan suke kiransa. Yana ji, ba ya dariya.

Teku ta cinye mijina Zeferino lokacin Telmo yana da shekara tara, ba a ga gawa ba. Ranar Asabar matan unguwa suna tafiya makabarta da bokiti su wanke kaburburan nasu, ni kuwa sai in je bakin katangar tashar jiragen ruwa in jefa fure a ruwa. Da Telmo ya kai sha biyar, ƙanin mijina ya sama masa gurbi a jirgin kamun kifi. Abilio ya zo har ƙofata.

"Ki bar mini yaron nan. Ba shi da gudu, ƙafarsa ta hagu kamar itace. Amma ba ya tsoro, kuma yana ganin inda ƙwallo za ta faɗo."

"Yabo ne wannan ko zagi?"

"Ciyawa ba ta haɗiye mutum, Deolinda."

Na bar masa shi. Telmo yana sha tara ya bar gari. Ya yi Saifurus, ya yi Poland, sannan Romaniya. Hancinsa ya karye sau biyu, ƙwallo shida kawai ya ci duk rayuwarsa. Kowace Lahadi in ya gama magana da ni sai ya kira Abilio, ya ce, "Kawu, ka kalli wasan?" Abilio ya ce, "Na ga ƙaton banza yana juya wa ɗan gaba baya. Wa ya koya maka haka?" Telmo ya yi ta dariya.

Mutanen ƙungiyar can sun yi mana kirki. Amma sun ce takardun ɗauko gawa na iya cin makonni, mafi sauƙi a ƙona a aiko mini da toka. Abilio yana zaune a kicin ɗina da aka faɗa mini. Na ce, "Uban ba shi da kabari. Wannan ina son inda zan durƙusa."

Ya sa hularsa. Ya ce, "Daga ɗakina ya fita."

Mutumin da bai taɓa hawa jirgin sama ba, yana da shekara sittin da shida, ba ya jin yaren kowa sai namu, shi ne ya kama hanyar Romaniya.

Abin da ya faru can Valdemar ne ya ba ni labari, mai tsaron gida ɗan tsibirin Madera mai jin yarenmu, abokin wasan Telmo. Kwana biyu shi da Abilio suna yawo daga ofis zuwa ofis, kowa ya ce a dawo gobe. Rana ta uku Abilio ya kasa zaman otal. Ya bi Valdemar zuwa fili, hancinsa ya kai shi ɗakin kaya, ya tarar da takalma jere a gindin injin ɗumama ɗaki. Bai nemi izini ba. Ya janye su yana mita, ya yi nuni da hannu a ba shi jarida. Mai kula da kayan can, wani tsoho wai shi Costel, ya shigo a fusace. Ya tsaya ya ga yadda hannun nan ke aiki, sai ya jawo benci ya zauna.

Valdemar ya ce, "Mama, awa uku ba wanda ya ji yaren wani, amma musu suke a kan kitse."

Kafin su tashi Costel ya buɗe wata akwati ya ciro takalman Telmo, ya ɗora su a cinyar Abilio. Washegari ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya kama hannun Abilio suka shiga gari. A garin nan rabin masu zaman ofis sun taɓa sa safar da Costel ya wanke. Rana ta tara aka sa Telmo a jirgi.

Abilio, kai ne ka zauna kusa da akwatin gawar tun daga filin jirgi har ƙofar coci. Kai ne ka tsaya gabana bayan an rufe kabari ka ce, "Ki yafe mini, ni na hana shi teku, ga inda na kai shi." Ban amsa maka ba ranar, kuma na ga tun daga lokacin in ka hango ni kana sunkuyar da kai. To ga amsar, a gaban kowa: babu abin yafewa. Ka ba ɗana shekara goma sha shida yana yin abin da yake so, kuma ka dawo mini da shi. Na gode. Allah ya saka maka.

Wanda zai karɓi makullin nan, ya je ya zauna da Abilio tukuna ya ga yadda ake riƙe kayan mutane da 'ya'yan mutane. Ku kuma da kuka sa rigunan da ya wanke, kun san ƙofarsa.

Kullum da safe kafin kasuwa ina biyawa makabarta da kwalbar ruwa da tsumma. Iskar teku tana barin gishiri a kan hoton da ke jikin dutsen, sai in goge fuskar ta fito. A hanyar dawowa ina rataye burodi biyu a ƙofar Abilio. Ya ce ya yi wa haƙoransa tauri. Gobe ma zan rataye.