Sunan da Malam Sambo bai soke ba

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Malam Sambo makwancinsa. Har yanzu in na gyangyaɗa bayan azahar nakan gan mu tsaye gaban ofishin Turawa, shi riƙe da rajista, ni riƙe masa kwalbar tawada, masinjoji sun yi layi ana kiran suna. Lokacin Nasara bai daɗe da zama Sakkwato ba. Malam ne babban akawu, ni ina ƙarƙashinsa, ko da yake goro ɗaya muke rabawa.

A bakinsa na fara jin kalmar afsan. Ita ake rubuta wa wanda aka kira bai amsa ba. Malam bai so ta ba da farko, don a ganinsa rowa gare ta. Mu nan mukan ce mutum ya tafi gona, ko yana jinya, ko ya kai gaisuwar rasuwa Wurno, amma Bature ya tattara duka ya cusa a kalma ɗaya. Da yake Malam akwai bin diddigi, sai da ya tsare Baturen ofis da tambaya. Aka gaya masa daga tsohon harshen Rumawa ta fito, ma'anarta mutum yana nan da ransa, nisa kawai ya yi, har wanda hankalinsa ya tafi wani wuri ana ce masa haka. Ranar ya wuni yana murmushi.

Ana nan aka aiki ƙanensa Ladan, ɗaya daga cikin masinjojin, da takarda zuwa iyakar Faransa, wajen Ƙonni. Damina ce, gulbi ya cika. An gan shi a mashiga, daga nan babu wanda ya ƙara ganinsa. Dokar ofis kuwa, wanda ya yi wata guda bai amsa ba, a ja wa sunansa jan layi.

Wata ya wuce, biyu suka wuce. Kullum safe Malam zai kira Ladan, ya dakata kamar mai sauraren takun doki, sannan ya rubuta afsan. Tsohuwarsu takan tambaye shi ko har yanzu sunan na cikin littafi, in ya ce yana ciki, sai ta iya shan fura. Bature ya yi masa kashedi sau biyu. A na uku ya ce ko jan layi ko barin aiki. Malam ya ajiye alƙalami ya koma koyar da karatu a zaurensa, aka miƙo mini rajistar.

Washegari na ja layin. Ina da iyali, kuma tsoro ya kama ni; ba zan yi wa kaina ado ba. Shekara da shekaru ina zuwa zaurensa, bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Yau yaran makaranta na jifan juna da kalmar a kan titi, wanda ya maƙale a kasuwa ma afsan ne. Ina jin da Malam zai ji su, dariya zai yi, sannan ya tambayi inda yaron ya tafi, don shi bai taɓa yarda mutum ya rasa dalili ba. Abin da ya bar mini ke nan. Har na bar aiki ban ƙara rubuta kalmar ba sai na aika gidan mutum an dubo shi.

A ciwonsa na ajali na tattara ƙarfin hali na ce, "Malam, ni na soke Ladan. Ka yafe mini."

Ya juyo ya dube ni.

"Na sani, Abdu," ya ce. "Ni nic ce ma Bature shi ba ka littafin. Dole wani shi ja layin ga, ni ko hannuna ba shi iyawa."