Daƙiƙa goma a kwamfutar Baba

Shekarun baya, lokacin da na gama babbar difloma a fannin kwamfuta, babu wanda ya kai ni sani a duk faɗin Kazaure. A ganina ke nan fa. Ɗazu wani daga cikinku ya turo mini tambaya, wai yana so ya ɗora Linux a gefen Windows a kwamfutar gidansu, ya zai yi? Na fara rubuta masa amsa, sai na tsinci kaina ina rubuta wannan labarin. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Mahaifina malamin gona ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Babura da Roni da ƙauyukan Gwiwa, yana koya wa manoma shuka a layi da sa taki. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata kwamfutar tebur ta hannu, mai ƙaton kai, ya ajiye ta a ɗakinsa na kusa da zaure. Mahaifiyata ta ba shi wani tsohon zanen gado yana rufe ta. Dalilin sayenta ɗaya ne tak: yana so ya rubuta tarihin gidanmu, yadda kakansa ya taso daga gabas, inda ya yada zango, wanda ya haifi wane, har zuwa kanmu. Shi kaɗai ya rage wanda ya san waɗannan abubuwa. Hannunsa kuma ya fara rawa, biro ba ya tsaya masa, amma yatsa ɗaya yana iya danna harafi.

Haka yake yi kuwa. Duk hantsin da aka kawo wuta, zai yaye zanen, ya sa tabarau, ya yi bisimilla, ya dinga neman haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni ne ma na ƙara masa girman rubutun saboda idonsa, na kuma saita masa yadda zai samu ƙ da ɗ da ɓ. Layi biyar a rana ya ishe shi farin ciki.

Sai dai akwai abin da ya kamata ku sani. Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu gidan kunya ne na gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanwata, “Ina yayanki?” In muna mu biyu, “kai” ne sunana. Mahaifiyata ma ta fi shi, ita ko kallon ido da ido ba ta yarda mu yi. Ba ƙiyayya ba ce, duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya sani. Amma hirar da ke tsakanina da Baba ba ta wuce gaisuwa da aike.

A lokacin ina da wani abokina da muka yi karatu tare, kullum da la'asar muna gindin wata darbejiya a ƙofar gidansu muna musu. Shi ɗan Windows ne, ni kuwa na sha karatun Linux na ƙoshi, duk da ban taɓa mallakar kwamfutar da zan ɗora shi ba. Ina ce masa Windows nauyi gare shi, da ka soka filas ɗin wani sai bairos ya cika maka gida. Linux kuwa kyauta ne, ga sauri, ga shi ba ya kama cuta.

Shi kuma sai ya kwashe da dariya ya ce, “Kai dai Allah Ya yi ka da son wahala. Abin da zan danna sau ɗaya, kai sai ka rubuta layi uku a baƙin allo kamar mai haɗa laya. To in ya gama saurin, wa zai buga maka takarda da shi? Injin buga takardar wa ya san shi a garin nan?”

Gaskiya yana da hujja, amma ni a lokacin ban san wani abu wai shi hujjar wani ba. Na ce masa ai ba dole sai mutum ya zaɓi ɗaya ba, ana iya zaunar da su biyun a kwamfuta guda, kuma zan nuna masa da idonsa. Ya ce a wace kwamfutar? Na ce ta gidanmu.

Ya daina dariya ya ce, “Ta Baba? Kai, ka bar wa tsoho kayansa.”

Ban bari ba. Washegari na sami Baba a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ina so in ƙara wa kwamfutar nan wata manhaja ta karatuna. Ba za ta taɓa rubutunka ba.”

Bai kalle ni ba, ya ce, “Ba za ta ɓata komai ba?”

Na ce, “Ko ɗigo, Baba.”

Ya ce, “To, ai kai ka sani.”

Na san wasunku sun riga sun ce, shi ke nan, ya goge wa tsoho rubutunsa. A'a. Da ma hakan ne, da na gane laifina a ranar, na nemi gafara. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai da na kwafe rubutun a filas, sannan na raba ma'ajiyar kwamfutar biyu, kamar a ja katanga a tsakar gida: Windows a sashensa, Linux a nasa. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Na kira abokina ya zo ya gani, ya jinjina kai, ni kuwa ranar ko abinci ban ji yunwarsa ba.

Abin da ya canza guda ɗaya ne. Da, in Baba ya danna maɓallin kunnawa, kai tsaye kwamfutar take kai shi inda ya saba. Yanzu kuwa sai wani baƙin allo ya fara fitowa, da ƙananan rubutun Turanci, Linux a layin farko, Windows can a ƙasa. A gindin allon kuma lamba tana ƙirgawa daga goma. In ba ka danna kibiyar ƙasa ka zaɓi Windows ba kafin daƙiƙa goma su cika, sai ta wuce da kai Linux, shi kuma ya tare ka da neman kalmar sirri. Kalmar sirrin kuwa ni kaɗai na san ta.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Na san yadda ake mayar da Windows ya zama shi ne na farko. Layi ɗaya ake gyarawa a wani fayil, aikin da bai kai minti guda ba. Da gangan na ƙi. Na ce a raina bari mutanen gida su dinga ganin Linux, a hankali za su saba, su gane abin da ya fi. Ku ji fa, wai ni ne zan wayar da kan mutumin da ya wayar da kan manoman ƙananan hukumomi uku.

Na nuna wa Baba yadda zai yi, sau ɗaya, a tsaye. Yatsuna suna gudu, bakina yana gudu. “In ta fito haka sai ka danna nan, ka sake dannawa, ka ga ya sauko, sai ka buga wannan babban. Shi ke nan. Ka gane, Baba?”

Ya ce, “To.”

Mako biyu bayan nan na tafi bautar ƙasa kudu. A cikin makonnin nan biyu ni na mamaye kwamfutar, Baba kuwa ba zai shigo ɗaki ya zauna ina ciki ba, ko da ɗakinsa ne. Ranar tafiya, ina ɗaure jaka a tsakar gida, na ɗaga murya na ce wa ƙanwata, yadda kowa zai ji, “Don Allah kar a bari kowa ya taɓa kwamfutar nan, musamman masu gyaran nan na kasuwa. Da sun ga baƙin allo za su ce ta lalace, su goge komai. Akwai aikina a ciki.” Wane aiki? Hotunan bango ne guda uku da wani wasan kati.

Na dawo hutun babbar salla. Bayan an gama hidimar nama, na shiga ɗakin Baba na yaye zanen, na kunna, na bar ta ta wuce Linux. Ina cikin latse-latse sai na ji shi a bakin ƙofa. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ce, “Wannan abin naka, yana nan lafiya dai ko?”

Na ce, “Lafiya lau, Baba. Ai shi ba ya lalacewa. Ko shekara goma zai yi haka yake.”

Ya ce, “Madalla.” Ya juya ya fita.

Na sha juya wannan maganar a raina. Mutumin da ba ya fara yi mini magana, ya taso ya zo har bakin ƙofa ya tambaye ni lafiyar manhaja. Iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa ke nan. Da ina da hankali ko na sisin kwabo, da na ce, Baba, ya rubutun, an kai ina? Ban tambaya ba. Talla na tsaya yi masa.

Bayan bautar ƙasa na sami aiki a Kano, zuwa gida ya koma sai ƙarshen wata, wani lokaci ma a tsaitsaye. Na sayi kwamfutata ta cinya, na manta da ta Baba. Cikin daminar shekara ta biyu Baba ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, ina zaune a tsakar gida da rana, ƙanwata tana tsince wake kusa da mahaifiyata. Na ce zan duba rubutun Baba in buga shi a raba wa dangi. Mahaifiyata ba ta dube ni ba. Sai ta fuskanci ƙanwata, kamar yadda ta saba in da ni take.

Ta ce, “Ki gaya wa yayanki, ai tun tafiyarsa ba a ƙara rubutun nan ba. Kullum aka kawo wuta sai ya shiga ya kunna. Ya ce wani baƙin abu ne ke fitowa, kafin ya gyara tabarau ya karanta, ya wuce. Sai ya kashe ya sake kunnawa. Wata rana har azahar yana abu ɗaya. Ya fi wata biyu a haka, daga baya ya rufe ta.”

Ƙanwata ta ce, “Inna, ai da an kira mai gyara.”

Mahaifiyata ta ce, “Na faɗa masa. Ya ce a'a, yaron ya ce akwai aikinsa a ciki, kar a ɓata masa. Na ce to a buga masa waya mana. Ya ce yana can yana fama da aikin gwamnati a garin mutane, a ƙyale shi, in ya dawo ya gani da kansa.”

Na dawo kuwa, sau nawa ma. Ban gani ba.

Na tashi na shiga ɗakin, na yaye zanen, na kunna. Baƙin allon ya fito, lamba ta fara ƙirgawa. A karo na farko na dube shi da idon dattijo mai rawar hannu, na ga ƙanƙantar rubutun, na ga saurin lambar. Na danna kibiya na shiga Windows, na buɗe fayil ɗinsa. Kwamfuta ba ta ƙarya: ranar ƙarshe da aka taɓa shi ita ce jajibirin ranar da na yi aikina.

Ya rubuta shafi goma sha wani abu. Ya kawo kakansa daga gabas, ya zaunar da shi, ya fara lissafa 'ya'yansa, nan ya tsaya. Amma Baba mutum ne mai tsari, tun farko ya jera kanun abubuwan da zai rubuta, kowanne a layinsa, ƙasansa fili. Rasuwar mahaifinsa. Shigarsa aikin gona. Zaman Babura. Aurensa. Ina gangarawa sai na ga sunana, cikakke, da manyan haruffa, shi kaɗai a layi. Ƙasansa babu komai.

Ban san tsawon zaman da na yi ina kallonsa ba. Daga baya na sake kunna kwamfutar, na shiga Linux, na buɗe fayil ɗin nan, na gyara layin. Ban cika minti guda ba. Tun daga ranar, da an kunna ta kai tsaye take shiga Windows, da manyan haruffan da na saita masa. Tana nan a ɗakin har yanzu, da zanenta.

Na bi sauran dattawan dangi a Roni na tattara abin da ya samu, amma kowa sai ya ce, ai marigayi ne ya san wannan. Abokina kuwa, da na ba shi labari, bai ce ai na gaya maka ba. Tun daga nan kuma ba mu ƙara musun Windows da Linux ba. Ni yanzu duka biyun ina aiki da su, kowanne da inda ya fi, kuma wallahi ban damu da wanda ya yi nasara ba.

Saboda haka ɗan'uwa mai tambaya, ɗora Linux a gefen Windows ba wuya, zan turo maka matakan. Amma kafin ka fara, ka duba waye yake kunna kwamfutar nan in ba ka gida. Ka bar masa ƙofarsa yadda ya saba da ita. In ka nuna masa abu, ka zauna, ka janye hannunka, ka bar shi ya yi da kansa sau uku kana kallo. In kuma babba ne ya ce maka “to”, kar ka ɗauka ya gane, wataƙila girma ne ya hana shi cewa ka maimaita.

Na nemi gafarar Allah, na kuma san Baba bai riƙe ni ba, don har ya rasu aikina yake karewa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Amma ni har gobe ban san abin da ya yi niyyar rubutawa a ƙarƙashin sunana ba.