Ranar da Malam Nata'ala Ya Binne Mana Sa

Mu matan unguwarmu a Dutse, naman Sallarmu na watanda ne. Mu haɗa kai, Malam Nata'ala mahauci ya hau kekensa da sanyin safiya, ya nausa rugagen wajen Jahun, ya zaɓo sa, ya koro, ya yanka, ya kasa mana kashi-kashi. Bana ya ajiye wuƙa, ido ya yi rauni. Ni da ba a san bakina da yabo ba, yau zan yi.

Jajiberin ƙaramar Sallah, shekarar da aka soma shari'a, ya kayar da wani jan sa, lafiya lau a ido. Sai jini ya fito baƙi ƙirin, ya ƙi daskarewa. Da ya farke cikin, saifa ta kumbura suntum. Ya ɗago ya daka mana tsawa.

"Kowa ta ja da baya! Wanda ya ci wannan, sai likkafani."

"Haba Malam, gaya za mu ci ran Sallah?" Mata suka yi masa caa, ana kaɗa kwanuka.

Bai kula mu ba, ya sa aka haƙa rami. Yana jefawa gaɓa-gaɓa, sai ya tsaya cak.

"Ina hantar?"

Ya juyo wajena.

"Iya Mu'minatu, ke ba abin da ke wuce idonki. Don Allah!"

Ai kuwa na gani. Maƙwabciyata ce ta cusa a mayafi ta sulale, ga ta da ƙananan yara. Na ce, "Luba!"

Ya zura a guje ba takalmi, muna biye da salati. Sallama ɗaya ya yi ya faɗa gidan matar aure, a lokacin da kowane namiji ke tsoron gaban alƙali. Hanta na kan garwashi, autanta Idirisu ya miƙa hannu. Malam ya fizge ta da hannunsa tsirara.

Bayan Sallah wani baƙin ƙurji ya fito masa a dantse, hannun ya yi kamar turmi. Aka kwashe shi sai asibiti. Mu kuwa ko akuya ta yi kuka ta wajen gidansa, sai mu zaci kukan mutuwa ne. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Malam, kai ne ka ɗauki zaginmu da ciwon da aka nufo 'ya'yanmu da shi. Allah ya saka maka da Aljanna. Ku samarin mahauta, ku koyi binne nama kafin ku koyi kasa shi.

Luba har yau ba ta gaishe ni. Ba komai. Idirisu ya zama magidanci, shi ke riƙe hannun nan mai tabo ya kai ka masallaci.